Awa ɗaya a dala 1,500: yadda kyamara ta gaji bindiga a duwatsun Virunga

A Kinigi, wani ƙauye da ke gindin duwatsu masu aman wuta a arewa maso yammacin Ruwanda, ana sayar da awa ɗaya a kan dala 1,500. Baƙon da ya biya wannan kuɗi ana haɗa shi da wasu mutum bakwai, a ba su jagora da masu bin sawu, su hau dutse cikin laka da sarƙaƙiyar gora har su riski iyali guda na gorila, babban birin nan da kafafen labaran Hausa kan kira goggon biri. Daga lokacin da suka yi ido huɗu da dabbobin agogo ya fara aiki. Da minti sittin ya cika sai jagora ya ce a juya. Abin da baƙon zai koma gida da shi hotuna ne kawai.

Kuɗin wannan awa guda ya haura abin da matsakaicin ɗan Ruwanda ke samu a shekara, kuma duk da haka a lokacin rani sai mutum ya kama gurbi tun da watanni. Shekara ɗari da suka wuce, Bature da ya hau waɗannan duwatsu bindiga yake riƙe da ita, kuma fata da ƙasusuwa yake saukowa da su. Tarihin yadda aka tashi daga wancan hali zuwa wannan ya ta'allaƙa ne a kan abu guda: sabar da dabbar daji ta daina gudun mutum. Wannan sabo shi ya tsamo gorilan dutse daga bakin ƙarewa, kuma daga gare shi ne manyan haɗurran da ke gabansa a yau suke fitowa.

Dodon da aka ƙaga

Mutanen dazuzzukan tsakiyar Afirka sun san gorila tun kaka da kakanni, amma ilimin Turawa bai san da shi ba sai a 1847, lokacin da wani likita ɗan mishan Ba'amurke, Thomas Savage, ya samu ƙoƙon kai da ƙasusuwa a gaɓar Gabon, shi da masanin ƙirar jiki Jeffries Wyman suka bayyana shi a rubuce. Sunan kuwa sun aro shi ne daga labarin Hanno, wani matuƙin jirgin ruwa na Kartaj da ya bi gaɓar yammacin Afirka kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin wasu halittu masu gashi da tafintocinsa suka kira da suna mai kama da wannan.

Wanda ya cusa siffar gorila a zukatan jama'a shi ne Paul du Chaillu, mafarauci da ya fitar da littafin tafiye-tafiyensa a 1861. A cikinsa ya zana dabbar a matsayin dodo mai ruri da dukan ƙirji, wanda ba a tsira daga gare shi sai da harsashi. Littafin ya yi kasuwa, siffar kuma ta zauna daram, har ta haifi fim ɗin King Kong a 1933.

Gorilan dutse, wanda ya fi 'yan uwansa na kwari kaurin gashi saboda sanyi, ya shiga littattafan kimiyya ta hanyar da aka saba. A watan Oktoba na 1902 wani hafsan sojan Jamus, Kyaftin Robert von Beringe, ya harbe biyu a kan dutsen Sabyinyo. Aka aika da gawar ɗaya Berlin, inda masani Paul Matschie ya raɗa wa jinsin sunan wanda ya kashe shi. Har yau sunan kimiyyar wannan dabba sunan von Beringe ne. Daga nan gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka suka shiga tsere. A 1921 tawagar Yarima Wilhelm na Suwidin ita kaɗai ta kashe 14.

Mafaraucin da ya sauya ra'ayi

A wannan shekara ta 1921 ne Carl Akeley ya iso. Gwani ne wajen cusa fatar dabba ta tsaya kamar mai rai, kuma gidan tarihin halittu na birnin New York ne ya turo shi. Tawagarsa ta kashe gorila biyar, waɗanda har gobe suna tsaye a bayan gilashi a can. Sai dai Akeley ya zo da wani makami na biyu, wato kyamarar ɗaukar fim da shi da kansa ya ƙera domin bin dabba mai motsi, kuma da ita ya ɗauki hotuna masu motsi na farko na gorila a daji. Abin da ya gani ya saɓa wa labarin du Chaillu. Ya tarar da dabba mai cin ganye, mai kunya, wadda ke zaune cikin iyali, kuma ya lura cewa yankin da take ciki ƙarami ne ƙwarai, mafarauta kaɗan za su iya share shi.

Ya koma ya dinga bin manyan Beljiyam, waɗanda ke mulkin Kongo a lokacin, da roƙon a killace wurin. A 1925 Sarki Albert na Ɗaya ya kafa gandun dajin da aka sa wa sunansa, na farko irinsa a nahiyar Afirka, wanda yanzu ake kira Virunga. Akeley ya dawo a 1926, ciwo ya kama shi, ya mutu a kan dutsen Mikeno, aka binne shi a wani fili mai suna Kabara. Gandun da ya bari an tsara shi ne domin masana, kuma babu wanda ya nemi shawarar manoma, makiyaya da mafarautan da iyakarsa ta raba da ƙasarsu.

Masu zama su kalla

A Kabara ɗin nan George Schaller ya yada zango a 1959. Ya shiga daji ba bindiga, yana zama a inda dabbobin za su gan shi, kullum, har suka daina kula shi. Ya ƙiyasta cewa gorila 400 zuwa 500 ne a duwatsun Virunga, ya kuma tabbatar da cewa dukan ƙirji da rugowar da babban namiji mai furfurar baya yake yi yawanci barazana ce, idan mutum ya tsaya cik ya sunkuyar da kai sai ya ja da baya.

A watan Yuli na 1960 Jane Goodall, tana da shekara 26, ta sauka a Gombe ta Tanzaniya, a gaɓar tafkin Tanganyika, domin nazarin birin cimpanzi bisa turowar Louis Leakey. Cikin 'yan watanni ta ga wani namiji yana zare ganyen tsinke yana cusa shi a suri yana zaro gara, abin da ya rushe zancen da ake yi cewa mutum kaɗai ke ƙera kayan aiki. Amma abin da ya kai Gombe gidajen duniya shi ne hoto. Mujallar National Geographic ta tura mai ɗaukar hoto Hugo van Lawick a 1962, kuma fim ɗin da aka nuna a talabijin a 1965 ya sa miliyoyin mutane ganin wata budurwa tana miƙa hannu ga jaririn biri.

Dian Fossey, wadda ita ma Leakey ne ya turo ta, ta fara aiki a Kabara a farkon 1967. Rikicin Kongo ya kore ta, ta tsallaka Ruwanda, ta kafa sansanin Karisoke a watan Satumba na shekarar, tsakanin duwatsun Karisimbi da Bisoke. Ta kai sabon da Schaller ya fara wani mataki: tana rarrafe, tana kwaikwayon gurnanin da suke yi idan suna cin abinci, tana tauna ganyen da suke ci. Hotunan da Bob Campbell ya ɗauka suka sa ta a bangon National Geographic a Janairun 1970. Gani ya kori ji. Dodon du Chaillu ya zama dabba mai suna, mai uwa da ƙanne, wadda ake son a je a gani.

A daidai wannan lokaci dajin yana ƙanƙancewa. A ƙarshen shekarun 1960 aka yanke kusan kashi 40 cikin 100 na ɓangaren Ruwanda domin noman wani fure da ake maganin ƙwari da shi, da kuɗin tallafin Turai. Makiyaya na shigar da shanu, mafarauta na ɗana wa gada tarkon waya wanda ke datse hannun 'ya'yan gorila, wasu kuma na kashe manya domin sayar da kai da hannuwa ga baƙi, ko kama jarirai domin gidajen namun daji. A ranar ƙarshe ta 1977 aka kashe Digit, namijin da Fossey ta fi shaƙuwa da shi, wanda hotonsa ke kan takardun tallan yawon buɗe ido na Ruwanda. An same shi ba kai ba hannuwa. Ƙidayar 1981 ta samu kimanin 250 kacal a Virunga, wato kusan rabin abin da Schaller ya gani.

Lissafin 1979

A nan ne masu son ceton dabbar suka rabu biyu. Fossey ta zaɓi yaƙi: sintiri, lalata tarko, ƙona kayan mafarauta, har da harbe shanun da suka shigo. Ba ta son 'yan yawon buɗe ido, tana ganin za su takura wa dabbobin su kuma kawo musu cuta. Wasu matasa biyu Amurkawa, miji da mata, Bill Weber da Amy Vedder, waɗanda suka zo Karisoke a 1978, sun kalli lamarin ta fuskar gwamnati. Ruwanda na cikin ƙasashen da suka fi cunkoson jama'a a Afirka, kuma akwai shirin yanke wasu kadada 5,000 na dajin domin kiwon shanu. Ba za a hana wannan da wa'azin son dabba ba. Hujjar da za ta yi aiki ita ce a nuna wa hukuma cewa gorila mai rai zai fi saniya kawo kuɗin waje.

An riga an ɗan gwada hakan. Walter Baumgärtel, mai masaukin baƙi a Kisoro ta Yuganda, ya riƙa tura baƙi da masu bin sawu tun shekarun 1950, kuma Adrien Deschryver ya sabar da gorilan kwari a Kahuzi-Biega ta Kongo a farkon shekarun 1970. Sabon abu a shirin da aka kafa a Ruwanda a 1979 shi ne tsari: iyalai ƙalilan da aka ware domin baƙi, rukuni ƙarami, ziyara ɗaya a yini, awa ɗaya, da kuɗi mai tsoka da zai biya masu gadi. A shekarar ne kuma BBC ta nuna David Attenborough kwance a ciyawa 'ya'yan gorila suna hawa jikinsa, talla da babu kuɗin da zai saye ta.

Gwamnati ta jingine shirin shanu. Kafin ƙarshen shekarun 1980 yawon ganin gorila ya zama na uku wajen kawo wa Ruwanda kuɗin waje, bayan kofi da ganyen shayi, ƙidayar 1989 kuma ta samu kimanin 320. Fossey ba ta ga wannan ba. An kashe ta a ɗakinta da ke Karisoke a Disamba 1985, aka binne ta kusa da Digit. Fim ɗin rayuwarta na 1988 ya ƙara yawan baƙin da ta yi shekaru tana ƙin zuwansu.

Sabarwa aiki ne na shekara biyu zuwa uku. Masu bin sawu kan je wurin iyali guda kullum, su jure rugowa da cizo, har ranar da dabbobin za su ci gaba da cin abinci mutum na tsaye. Ribar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Iyalin da aka saba da shi ana ƙirga shi kowace rana, idan ɗa ya faɗa tarko likitan dabbobi zai zo ya cire. Wani nazari da aka buga a 2011 ya nuna cewa gorilan Virunga da aka sabar suna ƙaruwa da kimanin kashi 4 cikin 100 a shekara, alhali waɗanda ba a sabar ba suna ɗan raguwa.

Kasuwar da ke buƙatar zaman lafiya

Raunin tsarin ya bayyana a Oktoba 1990, lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a Ruwanda, duwatsun suka zama fagen fama. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Kisan ƙare dangi na 1994 ya tarwatsa ma'aikata, aka wawushe Karisoke, dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira da suka yi sansani kusa da Goma suka riƙa saran dajin domin itacen girki. Ba a sake buɗe ɓangaren Ruwanda sosai ba sai 1999.

Yuganda ta cike giɓin. Ta mayar da dajin Bwindi gandun ƙasa a 1991, ta fara karɓar baƙi a 1993. Sai a ranar 1 ga Maris 1999 'yan tawayen Ruwanda da ke ɓuya a Kongo suka afka wa sansanin Buhoma, suka kashe baƙi takwas da jami'in gandun daji. A Kongo kuwa, a Yulin 2007, aka harbe babban namiji Senkwekwe da wasu mata na iyalinsa, kisan da aka danganta da rikicin cinikin gawayi a cikin gandun. Iyali ne da aka sabar, don haka ba su gudu ba da suka ga mutane. Hoton da Brent Stirton ya ɗauka, na mutanen ƙauye ɗauke da gawarsa a kan makara ta itace, ya zagaya duniya. Sama da masu gadi 200 aka kashe a bakin aiki a Virunga, kuma a 'yan shekarun nan yaƙin M23 ya sake mamaye yankin da gorila ke zaune a ɓangaren Kongo. Kisan Rafiki, shugaban wani iyali a Bwindi, a Yunin 2020 ya zo ne a tsakiyar kullen korona, lokacin da baƙi suka yanke, aikin 'yan dako da masu masauki ya tsaya, farauta ta ƙaru.

Numfashin baƙo

Fargabar Fossey game da cuta ta tabbata. Gorila da cimpanzi na kama kusan duk cutar da mutum ke kamawa, ba tare da garkuwar da mutum ya tara ba. A 1966 shan inna ya shiga Gombe, ya kashe wasu birai ya nakasa wasu, sai da aka riƙa sa musu rigakafi a cikin ayaba. A 1988 ciwon numfashi da ake zargin ƙyanda ce ya kashe gorila shida a Ruwanda, aka yi wa 65 allura da kibiya. A 1996 Dokta Gladys Kalema-Zikusoka, likitar namun daji ta farko a hukumar gandun dajin Yuganda, ta gano ƙazuwa a jikin wani iyali a Bwindi, ta bi sawun cutar zuwa ƙauyukan da ke kewaye, inda dabbobin da suka daina tsoron mutum ke shiga gonaki. Wannan ne ya sa ta kafa ƙungiyar da ke kula da lafiyar mutanen ƙauye a matsayin hanyar kare gorila. A 2009 wata ƙwayar cutar numfashi ta mutane ta yi sanadin mutuwar gorila biyu a Ruwanda, a 2013 kuma ƙwayar mura ta kashe cimpanzi biyar a dajin Kibale na Yuganda.

Dokokin ziyara daga nan suka samo asali: tazarar mita bakwai, wadda aka ƙara zuwa goma a zamanin korona, takunkumi a fuska, hana mai mura da wanda bai kai shekara 15 ba, da hana walƙiyar kyamara. Matsalar ita ce hoton da ya fi jan hankali shi ne wanda ya karya doka. Masu bincike daga jami'ar Oxford Brookes sun duba hotuna sama da 800 da baƙi suka ɗora a Instagram, suka wallafa a 2021 cewa a cikin kashi 86 cikin 100 mutum bai kai mita huɗu da dabbar ba. Jagoran da ke sa ran goro daga baƙon da ya biya maƙudan kuɗi yana da wuyar ya ce masa ja da baya, ɗan gorila kuma bai san mita bakwai ba.

Wanda ya biya da wanda ya ci

Ruwanda ta ɗauki hanyar baƙi kaɗan, kuɗi mai yawa. A 2017 ta ninka kuɗin izini daga dala 750 zuwa 1,500, ta kuma ɗaga kason ƙauyukan da ke kewaye da gandun daga kashi 5 zuwa kashi 10 cikin 100. Tun 2005 take bikin raɗin suna ga jariran gorila, Kwita Izina, wanda aka aro daga al'adar sunan jarirai ta ƙasar. Rubutun da masu kallon ƙwallo suka fara gani a hannun rigar Arsenal a 2018 tallan wannan kasuwa ne. Yuganda na karɓar dala 800 tun 2024. Da kason ƙauyuka an gina azuzuwa, asibitoci da tankunan ruwa, kuma tsofaffin mafarauta da dama sun koma dako da bin sawu.

Akwai waɗanda wannan lissafi ya tsallake. Batwa, mafarauta da masu tsinkar 'ya'yan itace da suka zauna a waɗannan dazuzzuka tun kafin zuwan manoma, an fitar da su daga Bwindi da Mgahinga a 1991, kuma da yake ba su da takardar mallakar ƙasa akasarinsu ba su samu diyya ba. Suka koma leburanci a gonakin wasu a bakin dajin. Wasunsu a yau suna shiga dajin ne a matsayin masu nuna wa baƙi yadda kakanninsu ke kunna wuta da ɗebo zuma. A 2021 kotun tsarin mulki ta Yuganda ta yanke cewa an zalunce su, kuma gwamnati na da alhakin gyara. A 2024 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Afirka ta fitar da makamancin wannan hukunci kan Batwan da aka kora daga Kahuzi-Biega.

Inda aka kwana

Ƙidayar 2015 zuwa 2016 ta samu gorila 604 a Virunga, ta 2018 kuma ta samu 459 a Bwindi, jimilla 1,063. A 2018 ƙungiyar da ke jera dabbobin da ke cikin haɗari ta sauko da gorilan dutse daga matakin da ya fi muni zuwa na ƙasa da shi. A cikin manyan birai shi kaɗai aka san yawansa na ƙaruwa. Nasarar ta zo da tata matsala, domin iyalai sun yi yawa a ƙaramin wuri, faɗa tsakanin maza ya ƙaru, jarirai na mutuwa a ciki. Ruwanda na shirin faɗaɗa gandun, wanda ke nufin wasu manoma za su sake tashi.

Nijeriya na da nata gorila. A tsaunukan Afi da Mbe da dajin Okwangwo na jihar Kuros Riba, da tsallaken iyaka a Kamaru, akwai wani jinsi da bai wuce kimanin 300 ba, wanda shi ma Matschie ne ya bayyana shi a 1904. Shekaru na farauta sun koya masa gudun mutum, har masu gadin da suka daɗe suna aiki ba kasafai suke ganinsa ba. Hotunansa da suka fito a 2020, na iyali da jarirai a Mbe, kyamarar da aka ɗaure a jikin bishiya ce ta ɗauka. A Gashaka Gumti, tsakanin Taraba da Adamawa, akwai cimpanzi masu yawa. Duk lokacin da aka tayar da zancen mayar da waɗannan wurare irin Ruwanda, tarihin Virunga na da sharaɗin da yake gindayawa. Dabbar da aka cire wa tsoron mutum ba za ta sake koyonsa cikin sauƙi ba, saboda haka wanda ya sabar da ita ya ɗaukar wa kansa gadinta da kula da lafiyarta kowace rana, har a shekarar da yaƙi ko annoba suka hana baƙo ko ɗaya zuwa.